Birki a Ƙasar Ƙanƙara

Ƙannena maza da mata, ku da kuka samu gurbin karatu ko aikin yi a Kanada, ko Rasha, ko arewacin Amurka, ko ƙasashen arewacin Turai, na san nasiha ba za ta yi muku ƙaranci ba kafin ku hau jirgi. Za a ce ku sayi riga mai kauri, ku nemi masallaci, ku kula da abin da kuke ci. Da wuya a samu wanda zai zaunar da ku a kan maganar mota, alhali kuwa da zarar kuɗi sun ɗan taru, an kuma gaji da jiran bas cikin sanyi, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a sayi 'yar tsohuwar mota. Ban ga laifinku ba. A gari irin Winnipeg, inda sanyin Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, mai mota ya huta da wahala mai yawa. Sai dai ƙafar da za ku taka birki da ita a Kano ko Damagaram ta yi karatunta, a kan busasshiyar kwalta, kuma karatun nan ba zai fisshe ta a can ba.

Abin da nake so ya fara zama a ranku shi ne, aikin birki ya ƙare a kan hana taya juyawa. Tsayar da mota kuwa tsakanin taya ne da hanya, a ɗan wurin da robar ke taɓa ƙasa, wanda faɗinsa a kowace taya bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Idan wurin nan ya yi santsi, ko jiya aka fito da motar daga kamfani ba za ta tsaya inda kake so ba. Mafi yawan abin da baƙo ke kira lalacewar birki a hunturunsa na farko wannan ne: birki lafiya lau, hanya ce ta ƙi riƙe taya.

Lissafin ba shi da wuya. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, a kan busasshiyar kwalta, tana buƙatar kimanin mita 14 daga inda birki ya kama zuwa inda za ta tsaya cak. A kan sumul ɗin ƙanƙara, motar nan da gudun nan tana iya cin kusan mita 100, wato tsawon filin ƙwallo. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ma ya gargaɗi direbobi cewa nisan tsayawa a kan ƙanƙara yana iya ninkawa har sau goma. Ga wani abin kuma da hankali ba ya saurin kamawa: in ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa wanda ya sauko daga 80 zuwa 40 ya sayi wa kansa rata fiye da yadda yake zato.

Dusar ƙanƙara mai fari fat ba ita ce ta fi ban tsoro ba, don ana ganinta, ƙafa kuma tana ɗagawa daga totur da kanta. Wadda ke kashe mutane ita ce siririyar ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan kwalta garau, har ka ɗauka jiƙa ce kawai hanyar ta yi. Ta fi samuwa da asuba, da inda inuwar itatuwa ko gini ta hana rana sauka, da kuma kan gada, saboda iska na bi ta saman gada da ƙarƙashinta, sai ta riga sauran hanya daskarewa. A ranar 11 ga Fabrairun 2021, da sassafe, kimanin motoci 130 suka afka wa juna a babbar hanyar I-35W da ke Fort Worth a jihar Teksas, mutum 6 suka rasu. Ƙanƙara ce ta kwanta a sashen hanyar da aka ɗaga sama, a yankin da mutanensa ba su saba tuƙi a kanta ba. Ku lura kuma, ƙanƙara ta fi santsi a lokacin da ma'auni ke kusa da sifili, domin a sannan ne ɗan ruwa ke kwanciya a samanta. Ranar da kuka ji sanyi ya ɗan sassauta kuka fara murna, ranar ce ta fi neman hattara.

Akwai wani ruɗi da ke kama samari musamman. Mutum zai sayi mota mai ja da ƙafa huɗu, ya ga tana tashi a cikin dusar ƙanƙara ba gardama yayin da wasu ke ta lilo a wuri ɗaya, sai ya ɗauka ya fi ƙarfin hanya. Ja da ƙafa huɗu a wajen tashi yake taimako. A wajen tsayawa kowace mota da ƙafa huɗu take birki, babbar ma nauyinta ƙara tura ta yake yi.

Saboda haka kuɗin farko da za ku kashe wa birki, a kan taya za ku kashe shi. Robar tayar bazara takan fara taurara idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, tun kafin a ga ƙanƙara ko ɗaya. Tayar hunturu da roba mai laushi ake yin ta, da ƙananan tsage masu yawa da ke cizon hanya, kuma za ku gane ta da hoton dutse mai kawuna uku da tauraron dusar ƙanƙara a cikinsa, a gefen tayar. A lardin Kebek na Kanada doka ce a sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Rasha daga Disamba ne zuwa Fabrairu. A Jamus ba a ɗaure abin da kwanan wata ba, amma wanda aka kama a kan ƙanƙara da tayar bazara zai biya tara. Taya mai ƙusoshi halal ce a Finlan da Rasha, haram ce a Jamus da kudancin Ontario, don haka ku tambayi dokar inda kuke. Na san tsadarta na sa ɗalibi ya dafe kai, na kuma san dabarar da za ta zo masa: ya sayi biyu ya sa a gaba. Kada ku yi. Gaba zai riƙe hanya, baya ya ƙi, motar ta juya da kai a kwana har ka fuskanci inda ka fito. Huɗu ake sayowa, ko da na hannu ne, muddin zanensu ya kai zurfin milimita 4 kuma ba su tsufa ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a hatimin da ke gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Iskar taya ita ma raguwa take yi da sanyi, a riƙa auna ta.

Ranar farko da za ka taka birki da ƙarfi a kan santsi, za ka ji abin takawar yana kakkarwa yana turo ƙafarka, da wani gurnani daga ƙarƙashin bonet. Zuciya za ta ce maka wani abu ya karye, ƙafa ta so ɗagawa. Kada ka ɗaga. Na'urar ABS ce ke aikinta, tana kamawa tana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya don kada taya ta kulle. Kamfanin Bosch da Mercedes-Benz sun fito da tasu kasuwa a 1978, yanzu kuma da wuya ka sayi mota a waɗannan ƙasashe babu ita. Tayar da ta kulle ba ta jin sitiyari, ko ina ka murɗa motar miƙewa za ta yi. Amfanin ABS ke nan, ta bar maka ikon kaucewa. Ba ta yi alkawarin gajarta nisan tsayawa ba, a kan dusar ƙanƙara mai taushi ma takan ɗan tsawaita shi. Abin da tsofaffin direbobinmu suka koya mana na taka-saki-taka-saki daidai ne ga motar da ba ta da wannan na'ura. Ga mai ita kuwa, taka ka danne, idonka a inda kake so motar ta bi.

Shawarata, idan dusar farko ta sauka, ku nemi filin ajiye motoci da babu kowa, ku yi gudun da bai wuce 20 ko 25 ba, ku taka birki iya ƙarfinku, ku maimaita har ƙafa ta daina firgita. Gara ƙafa ta san wannan kakkarwa a inda babu abin da za a buga. In kuwa fitilar ABS ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa, sau da yawa ƙanƙara ce ko tsatsa ta toshe ɗan ma'aunin da ke jikin ƙafar motar. Birki zai ci gaba da kamawa, amma na'urar ta janye hannunta, don haka a kai ga bakanike. Jar fitilar birki ita ba ta jira gobe.

To, yanzu mu zo kan birkin kansa, domin sanyi da gishiri suna yi masa ta'adi na gaske. Gwanintar a nan ita ce rarrabe ƙarar da za a share da wadda za a tsaya dominta.

Da safe, bayan mota ta kwana a waje, za ka ji ƙarar gurzawa a taku biyu ko uku na farko. Faifan birki baƙin ƙarfe ne tsirara, danshin dare ɗaya ya isa ya shafa masa jar tsatsa, takalman birki kuma suna goge ta kafin ka fita unguwa. Wannan ba komai ba ne. Haka in ka bi ta cikin dusar da ta narke, ko ka fito daga wurin wanki, birki kan yi sanyin kamawa, sai ka ɗan taka shi a hankali kana tafiya har zafi ya busar da shi. Idan kuwa ƙarar ta ƙi tafiya bayan tafiyar minti goma, ko motar na karkata gefe ɗaya in an taka, ko ka sauka ka ji ƙauri da zafi na tashi daga ƙafa ɗaya, to kalifa ce ta maƙale. Ruwan gishiri ya shiga inda 'yan sandunan da take zamewa a kansu suke, ya cinye giris ɗin, tsatsa ta kama. Gyaran ba shi da tsada in an yi shi da wuri. In aka bar shi, faifai da takalma duk sai an sake.

Birkin hannu shi ne ya fi ba baƙi kunya. Mun saba da jan sa duk inda muka tsaya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma in ruwa ya shiga cikin kuben wayarsa, ko takalman baya suka kwana a jiƙe a jikin ganga, da safe sai ka sauke hannun, ƙafafun baya su ƙi saki. Littattafan motoci da dama, har da na Toyota, sun ce a daren da ake tsoron daskarewa kada a ja shi. A ajiye mota a wuri mai daidai, a sa ta a P, mai kuloci kuma a bar ta a giya ta ɗaya ko ribas, a tokare taya. In dole sai a gangara, a murɗa ƙafafun gaba su fuskanci dakalin gefen titi. Idan kuma ya riga ya daskare, kada ka ba ta wuta ka ja da ƙarfi, fatar takalmin za ka ɓamɓare. Kada kuma ka kwara masa ruwan zafi, domin nan da ɗan lokaci ruwan zai zama sabuwar ƙanƙara a inda ya fi muni. A bar inji ya ɗumama, a gwada matsawa gaba da baya a hankali, in ya ƙi a nemi gareji mai ɗumi.

Wani ƙaramin abu da ake rainawa: takalmin ƙafarka. Dusar da ta manne a ƙasansa tana sa ya zame daga kan birki, shimfiɗar roba da aka ɗora a kan wata kuma tana iya turuwa ta shige ƙarƙashin abin takawa. Ka karkaɗe ƙafa kafin ka shiga, ka bar shimfiɗa ɗaya tak, a maƙale.

Man birki yana da wani hali da ya kamata ku sani: yana shan ruwa daga iska. Ire-iren da aka fi amfani da su, DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1, duk haka suke. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin da aka yarda da shi ya sauko zuwa 155. Za ku ce ina ruwan ƙasar ƙanƙara da tafasa? Wanda ya sauko doguwar gangara a duwatsun yammacin Kanada da ƙafa a kan birki zai ba ku amsa, domin faifai na yin zafi ko da duniya ta daskare, kuma man da ya tafasa tururi yake zama, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ƙafa ta tafi ƙasa ba komai. A gangara giya ake saukewa, inji ya riƙe mota. Ta ɓangaren sanyi, lafiyayyen mai ba ya daskarewa ko a digiri 40 ƙasa da sifili, sai dai ya yi kauri, tsoho mai ruwa kuma ya fi yin kaurin, har ya yi wa ƙananan ƙofofin ABS nauyi. Ruwan nan kuma yana cin ƙarfe daga ciki. Kamfanoni da yawa sun ce a juye man a zuba sabo duk shekara 2. Wanda ya sayi tsohuwar mota ba tare da takardar gyaranta ba, ya ɗauka ba a taɓa yi ba. Abin da aka rubuta a murfin robar man shi za a saya. DOT 5, mai launin shunayya, jinsinsa daban ne, ba a haɗa shi da sauran. Dabarar nan ta kan hanya da wasu direbobinmu ke yi idan mai ya tsiyaye, a dama garin sabulu da ruwa a ɗura, ko a gida ganganci ce. A can kuwa daskarewa zai yi a cikin bututu.

Na bar mafi hatsari zuwa nan saboda shi ba ya ƙara, ba ya ƙauri. Hukumomi a waɗannan ƙasashe suna watsa gishiri a hanya don ya narkar da ƙanƙara. Gishirin da muka sani ƙarfinsa na raguwa sosai idan sanyi ya wuce kimanin digiri 10 ƙasa da sifili, sai a koma ga wasu nau'o'in, na kalsiyam da magnesiyam, waɗanda ke janyo danshi su manne a jikin ƙarfe. Taya na watsa wannan ruwa a ƙarƙashin mota duk tsawon hunturu. A can ƙarƙashin ne siraran bututun ƙarfe ke ɗauke da man birki daga masta zuwa ƙafafu huɗu. Tsatsa na cin su daga waje shekara da shekaru, birki na aiki kamar ba komai, har ranar da wani ya gitta maka ka taka da dukkan ƙarfinka. A lokacin ne matsi ya fi yawa, a lokacin ne kuma wurin da ya yi siriri ke fashewa.

A 2014 kamfanin Subaru ya yi kiranyen motoci fiye da 600,000 a jihohin Amurka masu zuba gishiri saboda tsatsar bututun birki. A Afrilun 2015 hukumar NHTSA mai kula da amincin ababen hawa a Amurka ta rufe binciken da ta shafe shekaru tana yi a kan manyan motocin General Motors ƙirar 1999 zuwa 2003. Ba ta tilasta kiranye ba, ta ce matsalar ta shafi tsofaffin motoci gaba ɗaya, ta kuma shawarci masu motocin 2007 zuwa baya da ke yankunan gishiri su riƙa wanke ƙarƙashin mota, su sa a duba bututun. Ku dubi irin motar da aljihun ɗalibi ke iya saya, ku ga ko ba tsohuwar da ta sha gishiri ba ce.

Don haka kafin ka biya kuɗin mota, ka biya bakanike ya ɗaga ta sama, kai ma ka shiga ƙarƙashin da tocila. Ka bi bututun da ido, musamman inda aka maƙale shi da 'yan ƙugiyoyi da inda ya bi ta saman tankin mai, domin nan laka ke taruwa. Jar tsatsa ta sama ba ta da illa. Wadda ta kumbura tana ɓarewa, ko wurin da ya yi damshin mai, wannan bututu ya gama. A Ontario ana neman takardar shaidar lafiyar mota kafin a sa wa ta hannu lamba, amma kwana 36 kawai take aiki, kuma hukuma da kanta ta ce ba garanti ba ce. Idan za a sake bututu, ka nemi na gamin tagulla da nikel, wanda Volvo ta koma amfani da shi tun shekarun 1970, don gishiri ba ya cin sa kamar baƙin ƙarfe. Wankin ƙarƙashin mota kuma a yi shi a cikin hunturu idan rana ta ɗan yi ɗumi, a sake yi sosai da shigowar bazara.

In Allah ya ƙaddara ƙafa ta tafi ƙasa kana cikin tafiya, ka sani an raba hanyar man gida biyu, idan ɗaya ta fashe ɗayar na nan, sai dai kamun yana can ƙasa kuma da rauni. Ka danna har ƙarshe, ka sake bugawa da sauri, ka sauke giya ɗaya bayan ɗaya. Birkin hannu a ja shi sannu-sannu da yatsa a kan maɓallinsa, domin fizgar sa a kan ƙanƙara juya mota yake yi. Kada ka kashe inji, da shi sitiyari da birki ke samun sauƙinsu.

Masu niyyar tuƙin tirela, ku naku birkin da iska yake aiki, iska kuma tana tara ruwa a tanki. In na'urar busar da ita ta gaza, ruwan ya daskare a bawul, ko dai birki ya ƙi saki ko ya ƙi kamawa. Zubar da ruwan tanki a ƙarshen kowace rana yana cikin abin da za a koya muku kafin a ba ku izinin birkin iska, wanda a Ontario harafin Z ne a jikin lasisi. Masu motar lantarki kuma, batir mai sanyi ba ya karɓar caji sosai, don haka jan da motar ke yi da kanta idan an ɗaga ƙafa yakan ragu da safe, faifanta kuma ya fi saurin tsatsa don ba a cika taka shi ba.

Ku da kuke gida kuna cewa wannan zancen masu biza ne, da saura. Motocin hannu da ke sauka a Kwatano da Legas, da yawansu daga Amurka da Kanada aka loda su, wasu sun yi hunturu goma a titunan Ontario ko Michigan ko New York kafin su hau jirgin ruwa. Fenti na sheƙi, kujeru tsaf, inji na kaɗawa lafiya, gishirin kuwa ya riga ya yi aikinsa a ƙasa, wani dillalin ma ya sa an fesa baƙin fenti a kai. Lambar jikin mota mai harufa da alƙaluma 17 tana iya nuna inda ta yi zamanta idan aka bincika. In ba a samu wannan ba, a hau da ita kan ramin gareji, a ƙwanƙwasa inda fentin ya yi sabo da yawa, a bi bututun birki daga gaba har baya kafin a yi maganar farashi.